An Haɗa Sabuwar Kwamfuta, Babbar Manhaja Ta Ƙi Hawa: Yadda Ake Bin Sawun Matsala

A ranar 5 ga watan Oktoba na shekarar 2021 kamfanin Microsoft da ke Amurka ya fitar da babbar manhajarsa mai suna Windows 11, kuma ya gindaya sharaɗin cewa nau'inta na amfanin gida ba zai kammala hawa kan kwamfuta ba sai an haɗa ta da intanet. A daidai wannan lokaci babu layin waya ko ɗaya da ke aiki a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, domin tun cikin watan Satumba hukumomi suka datse hanyoyin sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, aka kuma shafe watanni a haka. Waɗanda suka tsara manhajar sun ɗauka cewa duk mai ɗora ta yana da wuta mai ɗorewa, da intanet a kusa, da kantin kayan gyara a bayan layinsa. Malamin kimiyya da ke Sabuwa kuwa, in wani abu ya lalace masa, sai ya bi ta Ɗandume zuwa Funtuwa, wani lokaci ma sai ya dangana da Zariya ko Kano, a kan hanyoyin da kowa ya san ba a binsu don yawon banza.

Ga shi kuma kwamfuta ta zama dole a makarantunmu. Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a gaba ɗaya kan kwamfuta, hukumar WAEC ma ta fara gwada haka a 2024 ga masu rubuta jarrabawa daga waje. Ɗalibin da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ranar jarrabawa, an riga an cuce shi tun kafin ya ga tambaya ta farko. Wannan ya sa makarantu da malamai da dama kan sayi kayan ciki ɗaya bayan ɗaya, sababbi da na gwanjo, su haɗa kwamfutar da hannunsu saboda sauƙin kuɗi. Haɗawar ba ta cika yin wuya ba. Inda gizo ke saƙa shi ne lokacin ɗora babbar manhaja, wato wadda ke sarrafa dukkan sassan na'urar, ta kuma ba sauran manhajoji filin yin aiki, irin su Windows ko Linux.

Abin da wannan darasi ke son ya kafa a zuciyar mai karatu shi ne: saƙon kuskure yakan bayyana a allo ne da sunan manhaja, amma sau da yawa ciwon yana ƙasa da ita, a wuta, ko a ƙarfe, ko a filashin da aka ɗauko ta. Mai bincike na gari daga ƙasa yake farawa ya yi sama, yana sauya abu ɗaya tak a kowane gwaji, yana kuma rubuta abin da ya gani, kamar dai yadda ake koya wa ɗalibai a ɗakin gwaje-gwajen kimiyya.

Abin da ke faruwa idan an danna maɓalli

Kafin kwamfuta ta san akwai wata aba wai ita Windows, akwai wata 'yar ƙaramar manhaja da ke zaune daram cikin babban allon da aka dasa komai a kansa, wanda masu gyara ke kira madabod. Sunanta na asali BIOS, sunan da wani Ba'amurke, Gary Kildall, ya fara amfani da shi a 1975. A yau ta samu magajiya mai suna UEFI, wadda kamfanonin kwamfuta suka kafa ƙungiyar kula da ita a 2005, ko da yake har gobe mutane BIOS suke ce mata. Da zarar wuta ta shiga, wannan manhaja ce ke zagayawa ta duba furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar, ta duba ma'adanar wucin gadi da ake kira RAM, ta duba sashen nuna hoto, sa'an nan ta nemi inda za ta tashi daga gare shi. Idan ba ta gama wannan zagaye lafiya ba, maganar ɗora manhaja ba ta ma taso ba.

Saboda haka idan fanka tana juyawa amma allo ya yi baƙi ƙirin, kada a zargi filashi. A duba wayoyin wuta guda biyu da ke shiga madabod: babbar mai haƙora 24, da ƙaramar mai haƙora 8 ko 4 da ke kusa da furosesa, wadda sabon hannu ya fi mantawa da ita. A duba ko an soka wayar allo a madabod alhali an dasa katin hoto na musamman, domin a lokacin nan hoton daga katin yake fita. Haka kuma furosesoshin Intel da lambarsu ta ƙare da harafin F ba su da sashen hoto a cikinsu sam, dole sai da kati. Sa'an nan a zare sandunan RAM a bar guda ɗaya, a danna ta sosai har maƙallanta su kama. A ganina babu wani kuskure da ya fi wannan yawa, domin mai haɗawa yana jin tsoron ya karya abin da ya saya da tsada, sai ya danna da lallami, sandar ta shiga rabi. Madabod da yawa na zamani suna da 'yan fitilu huɗu da ke nuna inda zagayen ya tsaya, kuma littafin da ya zo da allon ya bayyana ma'anarsu. A yi haƙuri kuma da sabuwar RAM nau'in DDR5, wadda a tashin farko takan ɗauki 'yan mintoci tana daidaita kanta, allo na baƙi, har mutum ya zaci ta mutu.

Akwai wani maƙiyi da ba a gani, wanda lokacin hunturu ne kakarsa. Idan iska ta bushe, jikin mutum yakan tara tsayayyar lantarki, irin wadda ke sa riga ta yi tartsatsi cikin dare idan ana tuɓe ta. Mutum ba ya jin wannan tartsatsi sai ya kai kimanin bolt 3,000, alhali abin da bai kai bolt 100 ba yana iya lahanta wasu ƙananan sassan kwamfuta. Maganin mai sauƙi ne: a riƙa taɓa ƙarfen akwatin kwamfutar kafin a ɗauki kowane sashe, a riƙe shi ta gefe, kuma kada a yi aikin a kan kafet ko tabarmar roba.

Wuta da zafi

Mu ƙaddara an wuce wannan mataki, manhaja ta fara hawa, amma tana kaiwa wani wuri sai kwamfutar ta mutu ko ta sake tashi da kanta. A nan abubuwa biyu ake fara tuhuma. Na farko zafi. Ƙarfen da ke sanyaya furosesa yakan zo da siririyar leda manne a ƙasansa, kuma in ba a ɓare ta ba, ko ba a shafa man da ke isar da zafi tsakanin ƙarfen da furosesa ba, cikin ɗan lokaci zafin zai doshi digiri 100, na'urar ta kashe kanta don kada ta ƙone. A shiga BIOS a zauna minti biyar ana kallon ma'aunin zafi. In yana ta hauhawa alhali ba a aikin komai, an gano ɓarawon. Wannan ya fi tsanani a watannin Maris da Afrilu da Mayu, lokacin da iskar ɗakin kanta take kamar ta bakin murhu.

Na biyu wuta. Wutar gidajenmu ya kamata ta kasance bolt 230, amma duk wanda ya ga ƙwan lantarki ya yi ja kamar garwashi ya san ba kullum take cika ba. Ɗaukewar wuta ta ƙiftawar ido, wadda fanka ba za ta ma nuna ba, ta isa ta lalata fayilolin da ake cikin rubutawa a faifai. Ƙaramin janareta da ake haɗa wa firiji ko dutsen guga a layi ɗaya ba abokin wannan aiki ba ne. Wasu inbatoci masu araha na sola kuma wutar da suke bayarwa ba mai santsin igiya ba ce, har wasu akwatunan wutar kwamfuta kan ƙi ta. Abin da ya fi shi ne a sa na'urar UPS mai batir lafiyayye a tsakani. A lura dai da cewa lambar da ke jikinta ba wat ba ce: wadda aka rubuta wa 650 VA yawanci ba ta ɗaukar fiye da wat 400. Wani aiki guda kuwa, wato sabunta BIOS kanta, wanda akan buƙata idan madabod ya girme wa furosesa a zamani, haramun ne a fara shi ba tare da UPS ba, domin in wuta ta yanke a tsakiya allon na iya zama gawa.

Filashi, wanda ba a cika zargi ba

Yawancin sababbin kwamfutoci ba su da wurin sa faifan CD, don haka da filashi ake ɗora manhaja. A nan ne kurakurai suka fi taruwa, kuma a nan ne mazaunin Faskari ko Ƙanƙara ya kamata ya fi sa ido, tunda a gari mai intanet ake haɗa filashin, a gida kuma ake gane ya yi ko bai yi ba.

Kwafe fayil ɗin manhajar kawai a jefa cikin filashi ba ya sa kwamfuta ta tashi daga gare shi. Dole a rubuta shi da manhajar da aka yi don haka, kamar wadda Microsoft ke bayarwa kyauta, ko Rufus. Akwai kuma wani lissafi mai daɗi da malaman lissafi za su so. Tsohon tsarin shirya fayiloli mai suna FAT32 yana rubuta girman kowane fayil da lamba mai gurabe 32 a lissafin sifiri da ɗaya. Lamba mafi girma da za ta shiga waɗannan gurabe ita ce 2 sau kanta har 32, a debe 1, wato 4,294,967,295. Ma'ana, fayil ba zai wuce gigabait 4 ba. A cikin kunshin Windows na yanzu kuwa akwai fayil guda da ya zarce haka. Wanda ya kwafe da hannu sai wannan fayil ya ƙi shiga, filashin ya tashi lafiya lau, amma aikin ya tsaya a tsakiya da ƙorafin cewa an rasa wasu fayiloli. Manhajojin da muka ambata sun san hanyar kauce wa wannan tarko.

Sai batun saukowa daga intanet. Kunshin Windows 11 ya haura gigabait 5, kuma a layi mai yankewa yana iya saukowa da rauni ba tare da ya nuna ba. Masana sun samar da hanyar tantancewa mai suna SHA-256, wadda ke lissafa wa kowane fayil wata shaida mai haruffa da lambobi 64, tamkar zanen yatsa. Ko ɗigo ɗaya ya sauya a fayil ɗin, shaidar za ta sauya baki ɗaya. Masu manhajar sukan buga shaidar gaskiya a inda ake saukewa, sai a gwada da wadda aka samu. Aikin minti biyu ne, amma yana iya hana mutum tafiyar yini guda.

Akwai kuma filashin jabu, wanda aka yi wa dabara yana nuna gigabait 64 alhali cikinsa bai fi 8 ba. Yana karɓar duk abin da aka zuba masa ba musu, yana rubuta sabo a kan tsoho. Manhajar H2testw tana cika shi ta sake karantawa, ta tona asirinsa. Shawarata ita ce duk mai barin Funtuwa ko Malumfashi ko Katsina da filashin ɗora manhaja ya gwada tayar da wata kwamfuta da shi a can kafin ya hau mota, ya kuma riƙo guda biyu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Haka nan a guji kunshin da wani ya yi wa kwaskwarima yana cewa ya fi sauri ko ba ya buƙatar lasisi, domin ba a san abin da aka cusa a ciki ba, kuma kwamfutar makaranta za ta riƙe sakamakon jarrabawar yara.

In filashi lafiyayye ne amma kwamfuta ba ta gan shi ba, a soka shi a ramukan baya da ke manne da madabod, a bar na gaba waɗanda wayarsu kan zama ba a haɗa ba. Maɓallin da ke buɗe jerin wuraren tashi ya bambanta: F12 a allunan Gigabyte, F11 a na MSI da ASRock, F8 a na ASUS. Sau da yawa sunan filashin zai fito sau biyu, ɗaya da UEFI a gabansa. Shi za a zaɓa.

Idan faifai ya ɓuya ko ya ƙi karɓa

An iso wurin da manhaja ke tambayar inda za ta zauna, sai ga jerin babu komai. A koma BIOS a duba. In ita ma ba ta ga faifan ba, matsalar ta waya ce ko ta zama: faifan SATA wayoyi biyu yake buƙata, ta wuta da ta bayanai, kuma a wasu allunan dasa ƙaramin faifan M.2 yana kashe ɗaya ko biyu daga ramukan SATA. In kuwa BIOS ta gan shi amma Windows ba ta gani ba, to direba ce babu, wato 'yar manhajar da ke yi wa babbar tafinta da wani sashe na ƙarfe. Wannan ya yawaita a kwamfutocin Intel daga zubi na 11 zuwa sama, saboda wani saiti mai suna VMD. Ko dai a kashe shi a BIOS, ko a zo da direbar a filashi a nuna wa manhajar.

Wani lokaci kuma faifan yana nan, amma Windows ta ce ba za ta zauna a kansa ba saboda tsarin rabonsa. Tsari biyu ne ake raba faifai da su. Tsohon, MBR, ya faro tun 1983, kuma shi ma lamba mai gurabe 32 ce ta ɗaure shi: in aka ninka adadin da muka gani ɗazu da bait 512 na kowane gurbin faifai, za a samu kimanin terabait 2, iyakar abin da yake iya gani ke nan. Sabon, GPT, shi ne abokin tafiyar UEFI. Faifan gwanjo yakan zo da tsohon tsari, kwamfuta kuma ta tashi da sabo, sai su yi hannun riga. Maganin shi ne a goge dukkan ɓangarorin faifan daga cikin manhajar ɗorawa, a bar shi fili guda, ita za ta tsara shi da kanta. Amma a yi hattara, gogewar ba ta da kome. Kafin a fara, a cire wayar duk wani faifai da ke ɗauke da takardun makaranta, don kada hannu ya zame.

Idan kuwa kwafewa ta fara ta tsaya da wata lamba, misali 0x8007025D, ko allo ya mutu da saƙo daban-daban a kowane gwaji, a koma kan RAM. Kuskuren da ke faruwa a wuri ɗaya kullum yakan nuna filashi, wanda ke yawo kuwa yakan nuna RAM ko wuta ko zafi. Wannan bambanci ba ya fitowa sai ga wanda ke rubuta kashi nawa cikin ɗari aikin ya kai kafin ya tsaya. A kashe saitin ƙara wa RAM gudu, XMP ko EXPO, a gwada sanduna ɗaya bayan ɗaya, ko a bar manhajar MemTest86 ta kwana tana bincike. Kuskure ko guda ɗaya ta nuna, sandar ba ta da amana.

Wani abin dariya da ke ɗaure wa mutane kai: aiki ya yi rabi, kwamfuta ta sake tashi kamar yadda ya kamata, sai ga shafin farko ya dawo. Ba abin da ya lalace. Daga filashin ta sake tashi. A zare shi kawai.

Sharuɗɗan Windows 11 da batun intanet

Windows 11 tana buƙatar RAM gigabait 4 aƙalla, da faifai mai gigabait 64, da UEFI, da wani sashen tsaro mai suna TPM 2.0, da furosesan Intel daga zubi na 8 na shekarar 2017, ko AMD Ryzen daga jerin 2000. In ta ce kwamfuta ba ta cika sharaɗi ba alhali kayan sababbi ne, galibi TPM ɗin ne a kashe. A BIOS ana samun sa da sunan PTT a Intel, ko fTPM a AMD. In kuwa kayan tsofaffi ne, a sani cewa Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 na gama-gari tun 14 ga Oktoba, 2025. A irin wannan hali ina ganin makaranta ta duba Linux da idon basira. Ɗalibi ne ɗan ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara ta a 1991, kuma nau'inta mai suna Ubuntu, wanda Mark Shuttleworth na Afirka ta Kudu ya ƙaddamar a 2004, kyauta ne, yana hawa ba tare da intanet ba, yana zuwa da manhajojin rubutu da lissafi. Har ma ga wanda ya nace sai Windows, filashin Ubuntu kayan aiki ne, domin ana iya tayar da kwamfuta daga cikinsa ba tare da an ɗora komai ba. In ta yi awa guda tana aiki lafiya a haka, an wanke ƙarfen daga zargi mai yawa.

Sharaɗin intanet da muka buɗe da shi ya faɗaɗa a 2022 ya haɗa da nau'in Pro, kuma tun 2025 kamfanin ke toshe dabarun da mutane suka saba bi don kewaye shi, don haka kada a dogara da dabarar da aka ji a bakin wani bara. Wani ƙarin cikas shi ne sabon madabod kan zo da sashen sadarwa da Windows ba ta da direbarsa, sai ta nemi intanet alhali ba ta da hanyar kama shi. Mafita biyu ce: a sauko da direbar sadarwar allon tun a gari a ajiye a filashi, ko a haɗa wayar Android da kebul a kunna raba intanet ta USB, wadda yawanci Windows ke ganewa nan take. A duba kwanan wata a BIOS ma. Madabod na gwanjo yakan zo da mataccen batir, ɗan zagayayyen nan CR2032 mai bolt 3, sai agogo ya koma shekarun baya, kuma kwamfutar da agogonta ya ɓata ba ta iya tabbatar da takardun shaidar tsaro na intanet, ko da layin yana da ƙarfi.

Aiki ga aji

Malamin da ke da kwamfuta guda mai lafiya yana iya mayar da wannan darasi gwaji. Kafin ɗalibai su shigo, ya cire ta daga wuta, ya ɗan sassauta sandar RAM, ko ya zare wayar bayanai ta faifai, ko ya sauya jerin wuraren tashi a BIOS, abu ɗaya dai kawai. Sai ya raba su rukuni-rukuni, kowane rukuni da takarda mai layi uku: abin da muka gani, abin da muke zato, abin da muka sauya. Doka ita ce ba a taɓa cikin akwati sai an zare wayar wuta an kuma taɓa ƙarfe, ba a kuma sauya abu na biyu sai an mayar da na farko yadda yake. Rukunin da ya gano matsalar da mafi ƙarancin gwaji shi ne zai ɓoye ta gaba a mako mai zuwa.